Goruba Ta Tara

A Yelwar Yawuri, a ajin da tagarsa ke kallon kogi,
shekara ashirin da shida na rataye goruba tara a zare,
da duma a tsakiya, na shafe shi da jar ƙasa, shi ne rana.
Ta ƙarshe tana can lungu, inda gizo-gizo ke saƙa,
ƙarama ce, ɓera ya ɗan gutsuri gefenta.
Yara kan jero sunayen da numfashi guda,
su iso Fuluto suna haki.

Sai labari ya zo: duniyoyi takwas ne yanzu.
Masana falaki sun taru a wata ƙasa mai nisa,
suka yi gardama har murya ta dushe,
suka ɗaga hannuwa, aka ƙirga.

Sharaɗi uku suka gindaya.
Ta riƙa kewaya rana.
Nauyinta ya dunƙule ta
kamar curin fura a tafin mai dama.
Na ukun ne ƙaya:
ta share hanyarta,
duk dutsen da ya gitta mata
ta haɗiye shi, ko ta kore shi, ko ta maishe shi bara.
Fuluto kuwa cikin cunkoso take tafe,
ƙanƙara a dama, ƙanƙara a hagu,
kamar jaki ranar kasuwar albasa.
Ta ci biyu, ta faɗi ɗaya.
Aka ce da ita wada.

Na hau benci da almakashi.
Kande 'yar gidan Tanko maƙeri ta ɗaga yatsa:
"Malam, raguwa ta yi?"
Na ce a'a.
"To kaucewa ta yi daga hanya?"
Na ce ko taku ɗaya.
Ta yi shiru, shirun da ya fi tambaya nauyi.

Na ce, an hango wata ne a bayanta, Eris,
ta ma fi ta nauyi.
In an bar wannan, dole a shigo da waccan,
da Seris, da Makemake, da Haumeya,
da waɗanda madubi bai kai gare su ba tukuna.
Ina zaren da zai ɗauke su?

Da yamma na kai ƙarar sama wurin Baba Dantani,
yana toshe ɓarakar kwalekwalensa da tsumma.
Bai ɗago ba.
Ya nuna tsakiyar ruwa da haɓa:
"Ka ga wancan tudun?
Ubana ya ce gungu ne, don ya taɓa kwana a kai.
Ni na ce yashi ne, don damina na shafe shi.
Mun mutu ba mu shirya ba, shi dai ya riga ni.
Tudun bai taɓa zuwa jin shari'ar ba."

Ban jefar da gorubar ba.
Na ɗaura mata zare na dabam a bakin taga,
na jera mata 'ya'yan kanya huɗu, abokan zama.

Shekara ɗari biyu da arba'in da takwas
take yi kafin ta zaga rana sau guda.
Tun da ido ya fara ganinta
ba ta ko kai rabin zagaye ba:
mun raɗa mata suna, mun yi mata sarauta, mun tuɓe ta,
ita kuwa ko waiwaye.

Daren jiya iska ta taso daga kogi,
takwas ɗin nan suna tsaye cik,
ita kaɗai ke lilo.