Motar Burodin Kakuri

Ranar da Alhaji Barau ya sayo ta
miliyan biyar ya ƙirga, hannunsa bai yi rawa ba.
Ni ce akanta, ni aka miƙa wa littafi:
Shafa, rubuta tsufanta tun tana sabuwa.

Na tambayi maƙerin Panteka, in ta mutu nawa?
Ya ƙwanƙwasa ƙofarta, ya kasa kunne,
ya ce dubu ɗari biyar, ƙarfe bai wuce haka ba.
Na cire. Ragowar na kasa wa shekara biyar,
dubu ɗari tara-tara,
ba babba, ba ƙarama.

Tanko direba ya leƙo kafaɗata,
ya ce mota ba ta tsufa da mudu ɗaya,
shekarar fari ta fi haɗama.
Ki riƙa cire ɗaya cikin biyar na abin da ya saura:
miliyan bana, dubu ɗari takwas baɗi.
Haka tuwo ke ƙarewa a kwano,
loma tana ƙanƙancewa.
In kin ƙi, ki bi kilomita,
Kakuri zuwa Kawo, Kawo zuwa Rigasa,
kowane rami ya karɓi rabonsa.

Alhaji yana jin mu, bai tanka ba.
Can ya murza gwiwarsa ta hagu,
ya ce, ni fa, da wace hanya ake lissafa ni?

Na rufe littafin.
Burodi ya fito daga gashi, assalatu ta kusa.
Tanko ya murɗa makulli,
ta yi tari sau biyu, ta kama hanya.