Turmin Ilde

Tun da Ilde ta rasu, turminta na marmara
yake zaune kan kanta, baki buɗe, yana kallona.
Shekara arba'in da ɗaya ina cin abin da ke fitowa daga cikinsa,
ban taɓa tsayawa na ga yadda hannunta ke juyawa ba.
Ni dai in dawo daga tashar jiragen ruwa,
ƙaurin walda a rigata,
in wanke hannu, in ja kujera.

Na gwada.
Ɗoɗɗoya daga kaskon taga, tafarnuwa, gishiri,
cuku, man zaitun.
Na daka, na daka,
har Oreste na ƙasan bene ya zunguro rufi da sandar tsintsiya.
Abin ya fito baƙi ƙirin, ga ɗaci kamar maɗaci.
Na zuba kan taliya, na ci a tsaye,
don kada kujerarta ta ga fuskata.

Wata Alhamis ruwa ya tare ni.
Ruwan Jenowa ba ya sallama.
Na faɗa wani lungu da kafaɗu biyu ba sa wucewa tare,
lungun da na yi shekaru ina gifta bakinsa.
Can ƙarshe, wata fitila ruwan ƙwai,
gilashin ƙofa ya yi gumi,
babu allo, babu suna.

Teburi shida.
Na ƙirga, don ban san inda zan sa ido ba.
Rediyo na ƙwallo ƙasa-ƙasa,
kyanwa ta mallake kujerar da ta fi ɗumi,
tsofaffi biyu na musu kan wata karta da aka yi bara.
Mai gidan ta fito tana share hannu,
gari har gwiwar hannu, gilashin ido a tsakar ka.
Nives, in ji ta. Rataya rigar, kana jiƙa min daɓe.
Na ce a ba ni takardar abinci.
Ta ce: abin da ke wuta, shi ne takardar.

Taliya ce, da dankali, da ɗanyen wake,
kore shar kamar gona bayan ruwan fari.
Loma ɗaya.
Ba irin na Ilde ba ne, kada in yi ƙarya,
tafarnuwar Nives ta fi tsiwa.
Amma 'yan uwa ne, uwa ɗaya uba daban.
Na sunkuyar da kai, na ce tururi ne ya shige min ido.

Da ta zo ɗaukar faranti na kai mata ƙarar turmi.
Ta kama hannuna ta juya tafin,
ta dubi kantar shekaru.
Ganye ne, ta ce, ba ƙarfe ba.
Bai ci bashinka ba.
Ba a dukansa, lallashi ake yi,
ka bi bangon turmin a hankali, zagaye, zagaye,
kamar mai shafa bayan yaron da ya farka da kuka.

Yanzu ina da tebur duk Alhamis,
wanda aka tokare ƙafarsa da nannaɗen jarida.
Kyanwar ta fara amsa gaisuwata, wani lokaci.

Ranar Lahadi kuwa, turmin yana magana.
Ba kara, ba dum-dum,
wata 'yar raɗa ce tsakanin icce da dutse,
wadda na sha ji daga falo ina karatun jarida
ban san ita ce muryar gidana ba.

Hannuna har yau bai iya awon mutum ɗaya ba.
Kullum na biyu nake yi.
Sai in rufe kwano da tsumma,
in sauka bene goma sha tara,
in ƙwanƙwasa wa Oreste.
Yakan ɗanɗana, ya ɓata fuska,
ya ce gishiri ya yi kaɗan,
sannan ya janyo min kujera.