Kilisar Tela

Shekara talatin da ɗaya ina zaune,
ƙafa a kan keke, ido a bakin allura,
a shagona na gefen kasuwar Daura.
Ban san ina da ƙugu ba.
Ban ɗaga abin da ya fi dutsen guga nauyi ba.
Ni dai ɗinki.

Sai Yaya Sallau ya kwanta dama.
Aka raba gado, wani gona, wani fili a hanyar Zango,
ni aka miƙo mini ragama.
Bidi ne mai farin goshi, ya ɗan manyanta.
Ya dube ni sama da ƙasa,
ya busa hanci kamar mai yin tsaki.

Ranar farko, jarka huɗu daga famfo.
Ta biyu, sauke harawa daga kan rumfa.
Ta uku na duƙa in duba kofato,
ya sakar mini rabin nauyinsa kamar ya sami bango.
Wani abu ya ce ƙas a gadon bayana.
Da rarrafe na bar turke.
Kwana tara ina ƙirga azara a ɗaki.

Saude, 'yata ta biyu, mai aikin jinya,
ta zo da man zafi, ta shafa, ta zauna.
Ta ce, "Baba, kullum yamma yaro na fita da shi kilisa
don kada ƙafarsa ta sage.
Kai wa ke fita da kai?"
Na nemi amsa, na rasa,
na ja baki.

Ta ce in tsuguna in miƙe sau goma,
baya a tsaye kamar taɓarya.
In dafa bango in tura shi kamar ya ci mini bashi.
In cika galan biyu da yashi, in zaga tsakar gida.
"In za ka ɗauki kaya, gwiwa ce ke durƙusawa,
baya ba nasa ba ne wannan aiki."

Da sallame asuba sai in kama hanya.
Haladu mai faci yana buɗe rumfarsa, ya hango ni,
"Tela, lafiya? Wa ya biyo ka?"
Na ce, "Tsufa."
Na so in ƙara magana,
ya hana ni, haki.

Makon farko iyakata gidan mai.
Kafin ruwan fari na kai tsohuwar kuka.
Da damina ta zauna, ni ke yanko harƙiya da laujena,
in ɗaure dami, in aza da kaina,
in dawo in kwashe barga,
in tura baro har gonar maƙwabci, cike da taki.

Wata Laraba ina janye da shi za mu sha ruwa,
salansar wani babur ta buga kamar bindiga.
Ya zabura, ya yi sama da ƙafafun gaba.
Igiya ta ƙone mini tafi,
amma dugadugaina sun kafe a ƙasa,
cinya ta riƙe, damtse ya riƙe.
Na kira sunansa a hankali har ya sauko.
Telan bara da an tsince shi a kwata.
Muka tsaya muna duban juna,
ban san wanda ya fi wani ba mamaki.

Bayan nan nawa bai bar magana ba.
In hadari ya haɗo yakan yi gunaguni,
sai in tsuguna goma, in ba shi haƙuri.

Da nakan ce talauci ne ya ramar da Yaya Sallau,
mutum kamar sandar makiyayi.
Jiya na warware wandon kaina,
na rage inci biyu a ƙugu.
Allura na hannuna na tuna shi,
na ce, Allah ya jiƙan ka, Yaya,
ashe doki.