Sikelin Panteka

Shekara ashirin da huɗu ina auna ƙarfe a Panteka:
tsohon gado, ƙashin mota, murfin tukunya, bakin gatari.
Na san nauyin kaya tun kafin ya taɓa sikeli.
Kaina ne kawai ban taɓa ɗorawa ba.

Sai ran da Tanimu, yaron shagona, don tsokana
ya ce, "Oga, hau mu gani."
Na hau. Allura ta zagaya, ta kai ɗari da sha takwas,
ta tsaya tana rawa kamar mai jin nauyin faɗa.
Aka yi dariya. Ni ma na yi,
irin wadda ba ta wuce haƙori.

Ba tuwo ne kaɗai ba, wallahi.
Wata gajiya ce ta tare a jikina ba ta biyan haya.
Guduma na tashi a gefena, ni ina gyangyaɗi a benci.
Ɗaure takalmi sai na zauna, sai na riƙe numfashi.
Da dare kuwa, ni da Rakiya
kamar wa da ƙanwa:
"Sai da safe."
"Allah ya kai mu."
Ba ta taɓa tambaya ba,
shirun nan ya fi ƙarfen jirgi nauyi.

Masu lasifika a bakin Kasuwar Bacci
sun ci kuɗina sau uku:
garin saiwa, ruwan ɗaci a gora,
da wani baƙin abu mai warin taya.
Abin da na samu, gudawa.

Likita Kuyet, siriri, tabarau a ƙarshen hanci,
ya ce in zo da sassafe a ɗebi jini.
Na zo. Ya ce in sake. Na sake.
Sannan ya juyo takarda, ya ɗora biro a kan lamba:
"Testostiron, sinadarin maza. Naka ya yi ƙasa.
Kitse na danne shi, ƙarancinsa na tara kitse,
kamar bashi da talauci, kowa na haifar ɗan'uwansa."
Ya ce, "'Ya'ya nawa?" Na ce shida.
"Kana son ƙari? Allurar nan tana iya tura wannan ƙofa."
Na ce ƙofar ta mutum biyu ce, bari in je gida.

A daren na furta abin da na shekara uku ina haɗiyewa.
Rakiya ta ajiye ludayi,
ta daɗe tana kallon murhu.
Ta ce, "Ni duk na zaci ni ce."

Ranar allurar farko ya gargaɗe ni:
"Wannan ba wuƙar mahauci ba ce, ba ta yanka teɓa.
Tsaye za ta miƙar da kai. Tafiyar taka ce.
Kuma ka riƙa dawowa mu duba jinin,
kar ya yi kauri kamar kunun da ya kwana."

To, na tafi.
Bayan asuba, daga Tudun Wada in gangara,
masu shayi na hura wuta, 'yan keke na wanke taya,
in kai gada, in gaida kogi, in juyo ina haki.
Wata rana ruwan sama ya kore ni,
wata rana lalaci,
wata Juma'a kuma tsire ya ci ni da yaƙi.
Lemon kwalba dai mun rabu ba baram-baram ba.

Bel ɗina na da huji uku da na yi masa da ƙusa
a shekarun faɗi.
Yanzu ina baro su ɗaya bayan ɗaya
kamar tashoshin da jirgi ya wuce.

Jiya na kira Tanimu da kaina.
Ɗari da huɗu.
Kilo sha huɗu, na san shi a hannu:
batirin mota ke nan, cikakke,
da shi nake ruku'u, da shi nake kwana.

Duk rayuwata in sikeli ya ragu, asara ce.
Jiya na rufe shago da wuri,
na tsaya na sayi balangu kaɗan, na mutum biyu.