Bakin Kakata a Jikin Ƙyalle

A Yamai na gan ta, daren Laraba.
An rataya farin ƙyalle a bayan gidan tarihi,
wani tsohon naɗin fim da ɓera ya ɗanɗana gefensa
ya soma juyawa,
haske na tsalle kamar fara a kasko.

Ga Barira 'yar Tawa, shekara goma sha tara,
tulu a ka, tana sauri
sai ka ce ƙasa na ƙona mata tafin sawu.
Ba kiɗa, ba murya. Kukan inji kawai,
da tarin wani dattijo a layin gaba.

Wai wannan ce?
Matar da in ta kira awakinta a Bilbis
na Kurfayawa ke amsawa?

Fim huɗu ta yi wa Nasara mai akwati mai ƙafa uku.
A ɗaya ta mutu.
A biyu ta yi kuka, da taimakon albasa.
A na huɗu raƙumi ya kayar da ita,
aka ce a bar shi haka, ya yi kyau.
Ladanta dala bakwai, da madubi,
da atamfar da ta zuba tun wankin farko.

Da silima ta koyi magana
sai aka ce mai Faransanci ake nema.
Ta ɗauki faifanta ta koma kasuwa,
shekara hamsin tana sayar da cuku,
ba wanda ya taya da rowa ya tafi da kunnensa lafiya.

Yanzu ga ta bakin rijiya.
Ta ɗago ido, leɓɓanta suka motsa,
rubutu ya fito fari a kan baƙi,
wani ɗalibi ya fassara da ƙarfi:
"Zan jira ka, masoyina, har ƙarshen duniya."
Mata suka yi ajiyar zuciya.

Ni kuwa a cinyarta na girma.
Na san bakin nan,
na san yadda yake lanƙwashewa in an ci mata bashi.
Na bi leɓɓan a hankali:
"Kai, jan kunne, rana ta take,
ina kuɗina na jiya?"

Dariya ta ƙwace mini, ni kaɗai.
Aka juyo. Mai gadi ya haske ni da cocila.

Shekara casa'in tana tambaya a cikin gwangwani
ba wanda ya ji.
Da aka watse ana naɗe waya,
na laluba aljihu,
na ajiye dala biyu a gindin ƙyallen.
Sauran, Inna, ki bi su can.