Dutsen Ƙyaure

A ɗakin kakata a Daura
akwai dutsen da ke tare ƙyaure.
Ba dutse ba ne, in ji ta, gaɓar baya ce
ta wata dabba da jirgin Nuhu ya bari.

Mijinta Barmo ne ya kawo shi,
shekarar da Bature ya sauka bakin kara
da tafinta da ɗan littafi,
yana buɗe bakin raƙuma, yana ƙirga haƙora,
yana latsa tozo kamar mai tayin kabewa.
Ya ware tara.
Ta taran ita ce Shamuwa,
taguwar da aka haifa ran ruwan shuka.
Sule biyu a mako, in ji tafinta.
Ba a jira Barmo ya ce albarka ba.

Suka bi ta Zango, suka bar Damagaram a baya,
har inda ƙaya ma ta gaji ta koma.
Can suka iske kifi kwance cikin dutse
a ƙasar da ake rantsuwa da salka,
ga haƙori ya yi tsinin galma,
ga haƙarƙari, Barmo ya auna da taki, ya daina.
Baturen da bai taɓa durƙusa wa kowa ba
ya durƙusa,
yana share ƙashi da ɗan burushi
kamar mai sa wa jariri kwalli.

Aka shimfiɗa wa matacce auduga cikin akwati,
aka ɗora shi a gadon bayan mai rai.
Da wuri ya ƙare, aka sauke salka biyu.

Saura kwana uku a kai rijiya
Shamuwa ta gurfana.
Barmo ya ja akala, ya kira ta da suna,
ya yi mata fito irin na gida.
Bature ya zo a guje
ya shafa akwatin, ya yi ajiyar zuciya.

Barmo ya sa wuƙa don kada ta zama mushe.
Da dare ya zare ƙusa guda,
ya biya kansa.

Kowane ƙashi, in ji kakata, yana da lamba a Ingila,
sai wannan.
Takan ture shi da ƙafa in za ta rufe ɗaki,
ta ce rairayi ba ya gaggawa:
wata rana wani zai durƙusa gaban Shamuwa
da burushi.