Hannu na Biyar

A hawa na huɗu, a birnin Gdansk, cikin Janairu,
rana kan leƙo ta koma kamar mai gudun bashi.
Amma akwai shuɗin haske a kusurwar falonmu:
akwatin gilashi, lita ɗari biyu ta ruwan gishiri,
tekun da Ludomir ya haɗa da hannunsa
tun hannun yana jin magana.

Shekara talatin yana walda a cikin jiragen ruwa,
bai taɓa bin ɗaya ya ga inda suke zuwa ba.
Da ya yi ritaya sai ya sayo teku ya kawo gida,
da duwatsu, da kifi biyu masu ratsi,
da ita, tauraruwar teku, ja kamar garwashi,
hannu biyar, ba fuska, ba murya,
sai ta ci wuni kafin ta ƙetare gilashi.

Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye
ni na gaji aikin, da littafinsa mai rubutun tsutsa.

Ranar Talata na ga fari a tsinin hannunta ɗaya,
kamar burodin da ya jiƙe.
Alhamis na tarar da hannun kwance a yashi
ita kuma can gefe,
kamar ba su taɓa sanin juna ba.

Ludomir na kujerarsa, bargo a gwiwa.
Kalmomi sun watse masa tun watan tara,
saura "to", saura "a'a", saura rabin sunana: Bogu.
Ya ɗaga hagu ya nuna bokiti,
ya nuna buhun gishiri, ya girgiza kai,
ya bugi hannun kujera sau uku.
Na ce na gane. Ban gane ba,
sai da na tsoma ma'auni na ga allura ta haura.

Ashe ni ce.
Duk sanda ruwa ya ragu nakan cika da mai gishiri.
Ban san ruwa kaɗai ke tashi ba,
gishiri zama yake yi, yana taruwa,
kamar maganar da aka haɗiye.
Wata huɗu ina cutar da ita, ina ce masa kulawa.

Gyaran kuma ba ya son gaggawa.
Littafin ya ce ɗigo-ɗigo:
siririn tiyo, a ƙulle shi a tsakiya,
kada a ɗago ta sama da ruwa, iska ba tata ba ce.
Kwana uku ina ƙirga ɗigo
har taragon farko na asuba ya girgiza taga.
Na yanka jatan lande, ɗan mitsitsi, na ajiye mata.
Ta ƙi. Na kwashe kafin ya ɓata ruwan.

Wiesława ta hawa na uku ta ce,
"Ga Baltik nan kusa, ki mayar da ita gida mana."
Ban iya ce mata ba kowane teku ne gida ba.
Gishirin namu ko miya ba zai ji ba,
sanyinsa kuwa ko mu muna jin tsoro.

Farin ya tsaya. Bai warke ba, tsayawa ya yi.
Sati na biyu abincin ya ɓace da dare,
ban san ko ita ce ko kifin ba.

Sati na shida ina wanke tukunya na ji, "Bogu."
Yana nuna gilashi.
A gurbin hannun, wani abu ya tsiro,
bai kai ƙwayar shinkafa ba, ja-ja, mai tsini.

Idona ya sauka kan hannunsa na dama
da ke kwance a bargo.
Ban so ba. Ya kuma ga na kalla.

Ya yi dariya da rabin baki,
ya sa hagu ya ɗauki dama kamar jaririn mage,
ya manna shi jikin gilashi, daidai inda take,
ya riƙe shi nan har ya gaji.

Ni kuwa na je na ɗauko ma'auni.
Ranar cika ruwa ce.